Ɓargon Bare

A shekarar 1973 wata malamar makaranta mai suna Shirley Nolan, haifaffiyar Ingila da ke zaune a Ostareliya, ta sami labarin cewa likitoci a asibitin yara na Westminster da ke Landan sun yi wa wani ƙaramin yaro dashen ɓargon ƙashi, kuma ɓargon ya fito ne daga jikin wata mata da ba ta haɗa dangi da shi ba. Ɗanta Anthony, wanda ta haifa a ƙarshen 1971, yana fama da wata cuta ta gado da ake kira Wiskott-Aldrich, mai raunana garkuwar jiki da hana jini tsayawa idan an ji rauni. Maganinta a wancan zamani ɗaya ne, a sauya masa ɓargo, kuma a danginsa babu wanda ya dace. Ta ɗauko shi suka taho Landan. Can ta tarar da cewa babu wani kundi da likita zai buɗa ya ga sunayen mutanen da aka riga aka gwada jininsu, suka kuma amince su ba da ɓargonsu ga wanda ba su sani ba. A 1974 ta fara haɗa irin wannan kundi, wanda shi ne na farko a duniya.

Kafin a kai ga tunanin irin wannan kundi, sai da masana suka shafe kusan shekara arba'in suna neman amsar tambaya ɗaya: ta yaya jiki yake bambance nasa da na wani?

Shaidar da jiki ke gane nasa

Ɓargo shi ne masana'antar jini. A cikinsa ake samun iyayen ƙwayoyin jini, waɗanda daga gare su jajayen ƙwayoyi masu ɗaukar iska, da fararen da ke yaƙi da cuta, da ƙananan da ke tsayar da zubar jini suke fitowa. Idan ɓargo ya lalace, ko sankarar jini ta mamaye shi, ko ya zo da tawaya tun daga haihuwa, likitoci kan kashe shi da magunguna masu ƙarfi, su zuba wa majinyaci na wani ta jijiya kamar ƙarin jini. Sababbin ƙwayoyin da kansu suke neman hanya zuwa cikin ƙashi su zauna.

Wahalar tana ga zaman. Kusan kowace ƙwaya a jikin ɗan Adam tana ɗauke da wasu alamomi a bayanta, kwatankwacin tsagar gado da a dā ake gane ɗan wani gida da ita, kuma fararen ƙwayoyin jini suna duba waɗannan alamomi a koyaushe. Wadda suka ga shaidarta baƙuwa ce sai su far mata. A dashen ƙoda, abin tsoro shi ne jikin majinyaci ya ƙi baƙuwar ƙodar. A dashen ɓargo kuwa tsoron biyu ne, domin shi ɓargon da aka kawo da nasa mayaƙan yake zuwa. Idan shaidar ba ta yi daidai ba, baƙon ne zai juya ya ɗauki mai gida a matsayin abokin gaba, ya auka wa fatarsa da hantarsa da hanjinsa, wani lokaci har ya kashe shi.

A ɓeraye aka fara gano waɗannan alamomi. Peter Gorer a Landan, cikin shekarun 1930, da George Snell a Amurka bayansa, sun nuna cewa wani rukunin ƙwayoyin gado ne ke yanke hukuncin ko dashe zai kama tsakanin ɓera da ɓera. A 1958 wani likitan jini Bafaranshe, Jean Dausset, ya bayyana alama ta farko a jikin mutum, bayan ya lura cewa jinin majinyatan da aka sha yi wa ƙarin jini yana dunƙule fararen ƙwayoyin wasu mutane ya ƙyale na wasu. A daidai wannan lokaci Jon van Rood a Leiden ta ƙasar Holan da Rose Payne a Jami'ar Stanford, kowa a ɓangarensa, suka gano cewa matan da suka yi haihuwa da yawa suna ɗauke da sinadaran garkuwa masu gane alamomin da jariransu suka gada daga uba. Jinin waɗannan mata shi ya zama kayan aikin gwaji na shekaru masu yawa. A 1964 Paul Terasaki a Los Angeles ya fito da hanyar yin gwajin da ɗigon da bai kai ƙwayar gero ba, abin da ya ba da damar gwada dubban mutane. A shekarar ce kuma masu wannan bincike suka fara taron da suke musayar samfura don daidaita sunayen da kowa ya raɗa wa abin da ya gano. Daga ƙarshe suka tsaya a kan suna ɗaya, HLA. Dausset da Snell, tare da Baruj Benacerraf, sun sami kyautar Nobel a 1980.

Shekarun asara

Likitoci ba su jira an gama wannan bincike ba. A 1957 E. Donnall Thomas ya ba da rahoton majinyata shida da ya zuba wa ɓargon wasu a wani ƙaramin asibiti da ke Cooperstown a jihar New York. Babu wanda ɓargon ya zauna masa, kuma babu wanda ya rayu. A watan Oktoba na 1958 tururin nukiliya ya bugi ma'aikata shida a cibiyar bincike ta Vinča kusa da Belgrade, aka kai su Faris, inda Georges Mathé ya sa wa biyar daga cikinsu ɓargon Faransawa 'yan sa kai. Huɗu sun rayu, sai dai baƙon ɓargon bai daɗe a jikinsu ba, nasu ne ya farfaɗo daga baya. A 1970 wani likita mai suna Mortimer Bortin ya tattara rahotannin dashe 203 da aka yi har zuwa lokacin, ya tarar mutum uku ne kacal suke raye. Da yawa daga cikin masu aikin sun riga sun watsar da shi.

Thomas, wanda ya koma Seattle a 1963, ya ci gaba da gwaji a kan karnuka, inda ya tabbatar da cewa idan aka zaɓi kare da ɗan'uwansa da shaidarsu ta zo ɗaya, dashen yana kamawa. A 1968 Robert Good a Minnesota ya yi wa wani jariri da aka haifa ba garkuwar jiki dashe daga yayarsa, bayan an gwada an ga sun dace, yaron kuma ya rayu. Daga nan ƙofa ta buɗe, amma ga masu shaƙiƙin da ya dace kawai.

Lissafin gadon mai sauƙi ne. Alamomin HLA suna zaune kusa da juna a kan sanda ta shida daga cikin sandunan gado, saboda haka a dunƙule ake gadonsu, ƙunshi ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa. Uba yana da ƙunshi biyu, uwa ma biyu, haɗuwarsu na iya fitowa iri huɗu. Ke nan tsakanin shaƙiƙai biyu, uwa ɗaya uba ɗaya, damar dacewa ɗaya ce cikin huɗu. Wanda yake da shaƙiƙai huɗu damarsa ta kai kusan kashi 68 cikin ɗari. 'Yan uba kuwa, komai yawansu a gida, ɓangaren uba kaɗai suka haɗa, don haka iyakarsu rabin dacewa, sai fa in iyayensu mata dangin juna ne. A ƙasashen da iyali ba su da yawan 'ya'ya, kimanin majinyata 70 cikin ɗari ba su da wanda ya dace da su a gida. Anthony Nolan yana cikinsu.

Iyayen da suka gina kundi

Neman bare mai shaida iri ɗaya da ta majinyaci a wancan lokaci allura ce cikin ruwa, mai rabo ka ɗauka. A 1973 ɗin nan, likitocin asibitin Memorial Sloan Kettering da ke New York sai da suka kai har ma'ajiyar jini ta Kopenhagen a Denmak kafin su sami wanda ya dace da wani yaro. Kowane majinyaci da nasa cigiyar, kuma da zarar an gama, sakamakon sauran mutanen da aka gwada ba ya amfanar kowa. Dabarar Shirley Nolan ita ce a daina zubar da wannan wahala: duk wanda aka gwada a rubuta shi a ajiye, domin wanda bai dace da Anthony ba wataƙila ya dace da ɗan wani. Ta yi ta neman kuɗi da 'yan sa kai, tana matsa wa hukumomi, tana jinya a lokaci guda. Kundin ya tara dubban sunaye, amma babu wanda ya yi daidai da ɗanta. Anthony ya rasu a watan Oktoba na 1979 yana ɗan shekara bakwai. Ƙungiyar da ke ɗauke da sunansa tana aiki har yau a Birtaniya.

A wannan shekarar ta 1979 aka kai wata yarinya 'yar shekara goma, Laura Graves, cibiyar Fred Hutchinson da ke Seattle da sankarar jini. Ba ta da ɗan'uwan da ya dace. Mahaifinta Robert Graves, likitan dabbobi ne daga Colorado, ya nemi a gwada bare. Aka bi bayanan mutanen da aka taɓa gwada shaidarsu, sai aka sami dacewa a jikin ɗaya daga cikin ma'aikatan cibiyar. Dashen ya kama, kuma shi ne na farko da aka yi nasararsa daga bare ga mai sankarar jini. Cutar ta dawo, Laura ta rasu a 1981, amma an riga an ga cewa abin mai yiwuwa ne. Graves ya kafa gidauniya, ya shiga zirga-zirga tsakanin likitoci da 'yan majalisa yana neman a kafa rajista ta ƙasa.

Kuɗin farko daga Rundunar Sojan Ruwan Amurka suka fito, wadda ke da nata dalilin: tana da jiragen ƙarƙashin teku masu aiki da nukiliya, tana kuma tunanin yadda za a yi da ma'aikatan da tururi ya lalata wa ɓargo. A 1986 aka kafa rajistar, wadda daga baya aka sani da NMDP, mai mazauni a Minneapolis. Ta soma aiki a 1987 da sunaye kusan 10,000, akasarinsu masu ba da jini da aka riga aka san shaidarsu, kuma a watan Disamba na shekarar aka yi dashen farko ta hannunta.

A Jamus ma jinya ce ta haifi rajista. Peter Harf ya kafa DKMS a 1991 lokacin da matarsa Mechtild ke fama da sankarar jini. Ita ma ta rasu, amma ƙungiyar yau tana da mutane sama da miliyan 10 a ƙasashe daban-daban. Tun kafin nan, a 1988, van Rood ya kawo shawarar a haɗa rajistocin ƙasashe wuri guda, domin likita a Madrid ya iya ganin mai bayarwa a Landan. Bugun farko na wannan haɗaka ya fito a 1989 a kan takarda, da rajistoci takwas. A yau bayanan suna kwamfuta, sun ƙunshi mutane fiye da miliyan 40, kuma abu ne na yau da kullum ɗan aike ya ɗauki jakar sanyi a hannu ya tsallaka teku da ƙwayoyin wani zuwa ga majinyacin da bai san ko sunansa ba.

Da aka ƙara kaifin gwaji

Gwajin farko da ruwan jinin mata masu haihuwa yana gane alamomi ne a dunƙule. Daga shekarun 1990 aka koma karanta ƙwayoyin gadon kai tsaye, sai ta bayyana cewa abin da ake ɗauka alama ɗaya ce a gaskiya iyali ne mai rassa da yawa, kuma mutum biyun da a dā za a ce sun dace suna iya bambanta ta inda zai cutar. Nau'o'in HLA da aka rubuta zuwa yanzu sun haura 30,000. Likitoci sun tsaya a kan duba wurare huɗu, A da B da C da DRB1, kowanne da na uba da na uwa, shi ya sa ake cewa takwas bisa takwas. Wasu cibiyoyi suna ƙara na biyar ya zama goma bisa goma. Rukunin jini na A, B ko O ba ya cikin sharuɗɗan. Bayan dashe majinyaci yakan koma rukunin jinin wanda ya ba shi.

Ba da ɓargon ma ya sauƙaƙa. Shiga rajista a yawancin ƙasashe auduga ce ake gogawa a cikin kumatu. Idan an kira mutum, mafi yawan lokuta allura ake yi masa ta 'yan kwanaki, wadda ke sa iyayen ƙwayoyin jini su fito daga ƙashi su shiga jijiya, sannan na'ura ta tace su cikin 'yan sa'o'i ta mayar masa da sauran jininsa. A sauran lokutan ana zuƙo ɓargon da allura daga ƙashin ƙugu bayan an sa mutum barci. Ba a taɓa laka, ba a fasa ƙashi, kuma jiki yana mayar da abin da aka ɗiba cikin 'yan makonni.

Wanda kundin bai sani ba

Tunda shaidar gado ce, wanda ya fi yiwuwa ya dace da mutum shi ne wanda kakanninsu na nesa suka fito daga yanki ɗaya. Rajistocin kuwa an gina su ne a Turai da Arewacin Amurka, mutanen can ne suka cika su. Wani nazari da masanan NMDP suka buga a 2014 ya nuna cewa Bature ɗan asalin Turai da ya nemi mai bayarwa a rajistar Amurka yana da damar kashi 75 cikin ɗari ta samun takwas bisa takwas, alhali damar baƙar fata tana tsakanin 16 zuwa 19.

Ƙarancin sunaye ba shi kaɗai ne sanadi ba. Afirka ce mahaifar ɗan Adam, kuma ƙungiyoyin da suka fita daga cikinta suka bazu a duniya sun ɗauki wani yanki ne kawai na bambancin gadon da ke nahiyar. Saboda haka shaidar 'yan Afirka ta fi ta kowa yawan rassa. Cututtuka ma sun sa hannu wajen tsara ta: a 1991 Adrian Hill da abokan aikinsa suka nuna a Gambiya cewa alamar B53, wadda ta yawaita a Afirka ta Yamma amma ba a cika samun ta a Turai ba, tana rage haɗarin zazzaɓin cizon sauro mai tsanani ga yara. Ma'anar wannan ita ce, ko da yawan sunayen ya zo ɗaya, sai 'yan Afirka sun buƙaci kundi mafi girma kafin su kai damar da Bature yake da ita.

A nan ma majinyata da iyayensu ne suka tashi. A Landan, Beverley De-Gale da Orin Lewis sun kafa ƙungiyar ACLT a 1996 saboda ɗansu Daniel, wanda aka daɗe ana nema wa mai bayarwa. A 1999 aka samo wata Ba'amurkiya, ya zama baƙar fata na farko a Birtaniya da aka yi wa dashe daga bare. Afirka ta Kudu ta buɗe rajistarta a Cape Town a 1991. A Nijeriya, Seun Adebiyi, ɗan ƙasar da ya tashi a Amurka, ya kamu da sankarar jini a 2009 jim kaɗan bayan ya gama karatun lauya a Yale, ya nemi mai bayarwa bai samu ba. Abin da ya cece shi jinin cibiyar wani jariri ne, hanyar da Eliane Gluckman ta fara amfani da ita a Faris a 1988, wadda ba ta buƙatar dacewa mai tsauri sosai. Bayan ya warke ya taimaka aka kafa rajistar ɓargo ta Nijeriya a Inugu a 2012.

Buƙatar a wannan yanki ta wuce sankara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 masu sikila a Nijeriya kowace shekara, adadi mafi girma a duniya. Tun 1984 aka san dashen ɓargo yana warkar da sikila, bayan an yi wa wata yarinya mai sankarar jini da sikila a asibitin St. Jude da ke Amurka ta rabu da duka biyun. A 2011 Nosakhare Bazuaye da abokan aikinsa suka yi irinsa na farko a Nijeriya, a asibitin koyarwa na Jami'ar Benin, ga wani yaro da ya karɓa daga yayansa. Sai dai a gidan da sikila take, shaƙiƙin da shaidarsa ta dace zai iya kasancewa shi ma mai ciwon ne, abin da ke ƙara rage damar.

Rabin dacewa

Hausawa sun ce ɗan'uwa rabin jiki, kuma a lissafin HLA maganar ta zo daidai da lamba: uba da uwa da ɗa duk rabin shaidar mutum suke da ita, haka ma rabin shaƙiƙansa da kusan rabin 'yan ubansa. Shekaru da yawa ana gudun irin wannan dashe saboda tsananin faɗan da ke biyo baya. A 2008 likitocin Jami'ar Johns Hopkins suka nuna cewa wani tsohon maganin sankara mai arha, cyclophosphamide, idan aka ba da shi a rana ta uku da ta huɗu bayan dashe, yana kashe mayaƙan da suka harzuƙa ya bar iyayen ƙwayoyin jini lafiya. Da tsohuwar zuma aka yi maganin. Dashe daga rabin dacewa ya yawaita tun daga lokacin, kuma ana amfani da dabarar ga baren da ya zo bakwai bisa takwas.

Wannan ya faɗaɗa ƙofa ga waɗanda kundin ya manta da su, amma bai kawar da buƙatarsa ba. Akwai majinyacin da iyayensa sun tsufa, akwai wanda danginsa suke ɗauke da cutar da ake son cire masa, akwai matar da haihuwa ko yawan ƙarin jini ya sa jikinta ya riga ya yi gaba da shaidar 'yan'uwanta. Irin waɗannan har yanzu sunan bare ake nema musu. Kuma sunan ba ya shiga kundi sai mai shi ya kai kansa tun yana da lafiya, tun ba a san wanda zai amfana ba.

Nijeriya tana da mutane fiye da miliyan 200, rajistar Inugu kuwa ƙarama ce ƙwarai a kan wannan adadi. Likitan da ke neman mai bayarwa ga ɗan Katsina ko ɗan Maraɗi da ke kwance a Landan ko Alƙahira yana iya bincika sunaye miliyan 40 cikin 'yan mintuna. Mutanen da suka fi yiwuwa su dace da majinyacin nasa suna Katsina da Maraɗi, ba a taɓa gwada su ba.